Tambaya da Amsa: Mun zuba alif ruwan rami ya yi garau, shi ke nan ya gyaru?

Tambaya

Assalamu alaikum, 'yata. Ni ɗan kasuwa ne, goro na gada, a Aboabo nake zaune. Shekara biyu ke nan na zuba kuɗi a wani filin haƙar zinariya mai lasisi a ƙasar Amansie, ɗan ƙanena ne ke tsaye a kai da yara goma sha biyu. Ba a cikin kogi muke aiki ba, amma ruwan wankin ƙasa yana gangarawa wani rafi da mutanen ƙauye ke ɗiba. Matan ƙauyen sun kai kuka wajen sarkinsu. Yaron ya sayo alif ya zuba a ramin, ruwan ya kwanta ya yi garau, ya ɗebo mini a gora na gani da idona, ba launi ba wari. Ya ce magana ta ƙare. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, don na san suna aiki da zaiba. Shin ruwan nan ya gyaru? In bai gyaru ba, me mai ƙaramin ƙarfi zai yi, wanda ba shi da kuɗin babban kamfani?

Wani Alhaji, Aboabo, Kumasi

Amsa

Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da ba ka bar maganar ta ƙare a bakin yaron ba. Ruwan bai gyaru ba, an dai fara. Kada a sake shi cikin rafin tukuna, kada kuma kowa ya kurɓa.

Na yi shekaru ina aikin awon ruwa a ɗakin gwaji, kuma gorar da ta fi tayar mini da hankali ba jar nan ba ce mai kama da kunu. Wannan kowa yana gudunta, ko akuya ta sunsuna sai ta juya. Wadda ke ba ni tsoro ita ce irin wadda aka kawo maka. Tun muna makarantar allo aka koya mana a duba ruwa ta launi da ɗanɗano da wari, kuma hukuncin tsarki na malamai ne, ban shiga ba. Amma ma'aunin sha daban yake. Asenik, gubar da ke cikin duwatsun zinariya na yankin Obuwasi da kewaye, idan ta narke a ruwa ba ta da launi, ba ta da wari, harshe ba ya jin ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a ruwan sha mikrogiram 10 a lita ɗaya, mikrogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Dalma ma 10 ne, zaiba 6. Ka auna abin da wannan ke nufi: giram ɗaya tak na asenik ya isa ya kai lita 100,000 bakin iyaka, wato ledar fiya wata 200,000. Wane ido ne zai ga wannan?

Alif ɗin ya yi aiki, ban raina shi ba. Yana haɗa ƙananan ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse, kuma kaso mai yawa na ƙarafan manne suke da lakar, sai su bi ta ƙasa. Abin da ya riga ya narke kuwa, alif ba ya kwashe shi duka. Wanda ya nutse ɗin ma bai tafi ko'ina ba, yana nan kwance a gindin raminku yana jiran ruwan watan Yuni ya zo ya ɗauke shi zuwa rafin da kuke son karewa.

Nan ne nake son ka riƙe, Baba, domin duk sauran bayanina a kansa ya rataya. Ƙwayar cuta ana kashe ta, a tafasa ko a zuba kulorin. Ƙarfe ba a kashe shi. Zaiba ba ta ruɓewa, dalma ba ta ƙonewa ta ɓace. Duk wata dabarar tace ruwa, ta talaka da ta kamfani, wuri kawai take sauya wa gubar: daga ruwa zuwa laka, ko gawayi, ko saiwar ciyawa. Don haka duk wanda ya zo maka da wani gari ko inji ya ce zai gyara ruwa, ka tambaye shi ina gubar ta koma, wa kuma zai tsare ta a can. In ya rasa amsa, ka riƙe kuɗinka.

Aikin farko ba a ramin ruwa yake ba, a hannun yaran yake. Zaibar da ba ta shiga ruwa ba ba sai an cire ta ba. Ka tambayi ɗanka abu uku. A ina suke murza zaiba da baƙin yashi, wato yashi mai nauyi da ke ragewa da zinariya bayan wanki? In a bakin ramin ne, kwano a hannu ruwa na zuba, to a daina yau. A gina ƙaramin kwami na siminti can gefe, ruwansa ba ya haɗuwa da kowane ruwa, a yi wannan aikin a nan kaɗai. Na biyu, suna zuba zaiba a cikin injin niƙa tare da ɗanyen dutse? Wannan ya fi komai ɓarna, domin injin yana farfasa ta ta zama gari, ta bi ruwa da tarkace ta tafi, kuɗinka ne ma ke tafiya. Na uku, a ina suke ƙona dunƙulen zaiba da zinariya? Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan zaiba, wadda Ghana ta amince da ita a 2017, ta lissafa ayyuka huɗu da ta ce a kawar: zuba zaiba a ɗanyen dutse gaba ɗaya, ƙona dunƙule a fili, ƙona shi a cikin unguwa, da zuba sayanayid, sinadari mai guba da ke narkar da zinariya, a tarkacen da zaiba ta riga ta shiga. Na huɗun nan ka kula da shi sosai. Masu zuwa da mota suna sayen tarkace, yawanci sayanayid za su jiƙa shi da shi, kuma sayanayid yana narkar da zaibar ya sa ta yi tafiya mai nisa a ruwa.

Akwai wani yaro a layinmu, tare muka taso da yayarsa. Ya yi shekaru yana dawowa daga daji da dunƙule a aljihu, ya ƙona a kan kurfoti cikin ɗaki, ƙofa a rufe don kada a ga abin da ya samu. Ranar da na je duba shi, kofin shayi ya gagare shi riƙewa, hannu na rawa, dasashi ya kumbura, ya zama mai saurin fushi alhali da ba haka yake ba. Matarsa da jaririnsu a ɗakin nan suke kwana. Har yau idan na tuna ƙarar cokali a jikin kofin nan sai raina ya ɓaci. Zaiba tana tafasa a digiri 357, hayaƙinta ba a gani, yana shiga huhu ya wuce ƙwaƙwalwa, sauran ya lafe a bango da katifa.

Mafita tana nan kusa. Ritot tukunyar ƙarfe ce mai murfi da bututu, ana ƙona dunƙulen a ciki, tururin ya bi bututun ya huce ya koma zaiba a cikin ruwa, a sake aiki da ita. Masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, za su iya ƙera ta in aka ba su samfuri. Abin da ya fi wannan shi ne barin zaiba ɗungurungum. Jami'ar Ma'adinai da Fasaha ta Tarkwa ta ƙirƙiro murhun da ake kira sika bukyia, wanda ake narka baƙin yashi kai tsaye da boras da wasu sinadarai, zinariya ta taru a gindin kasko ba tare da ɗigon zaiba ba. Sharaɗinsa a tace yashin sosai ya rage kaɗan mai nauyi. A 2022 kuma gwamnati ta ƙaddamar da injinan Gold Kacha masu ware zinariya da nauyinta. Tunda kana da lasisi, ka shiga ofishin Hukumar Ma'adinai na yankinku ka tambayi hanyar samu. Yaran za su yi gardama, hannunsu ya saba. Kai ne mai kuɗi, maganarka tana da nauyi.

Sai ruwan kansa. Rami ɗaya ba ya isa, uku ake so a jere, kowane yana zuba wa na gaba ta sama. Na farko ya kama yashi da tsakuwa, shi ke saurin cika, a riƙa kwashe shi. Na biyu ya fi faɗi, a nan laka mai laushi ke kwanciya, a bakin shigarsa ake zuba alif yadda zai gauraya da ruwan yana tafiya. Na uku na ruwa mai haske ne, kuma daga nan famfo zai ja ya mayar wajen wanki. Wannan mayarwar ita ce rabin maganin. Wankin ƙasa ba ya buƙatar ruwan sha, ruwa mara laka kawai yake so, bargon da ake shimfiɗawa a wajen wanki ma ya fi kama zinariya da shi. Ruwan da ke zagayawa a fili bai shiga rafin kowa ba, kuma abin da za ka ɗebo daga rafin ya ragu.

Girman ramin lissafi ne mai sauƙi. A ce famfonku yana tura lita 10,000 a awa, kuna aiki awa 8, lita 80,000 ke nan a yini. Rami mai tsawon mita 10, faɗin mita 6, zurfin mita 1.5 yana ɗaukar lita 90,000, wato ruwan yini guda ya samu ya kwana ya huta. A daɓe gindinsa da yumɓu ko a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, a bar tazara tsakanin ruwa da baki, a haƙa lambatu ta sama da zai karkatar da ruwan sama kada ya afka ciki. A tudu ake yin sa, nesa da inda rafin ke kaiwa in ya cika. Kuma a yi shi yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Alif kuma ba da ka ake zubawa ba. A jera gora biyar na ruwan ramin, a sa wa kowace adadi daban, a girgiza, a ajiye rabin awa. Wadda ta fi haske da mafi ƙarancin alif ita ce ma'auninku. In ya yi yawa, ruwan yana tsami, kuɗi kuma ya tafi a banza.

Ba ka faɗa mini ko ƙasar fadama kuke wankewa ko dutse kuke fasawa ba, kuma bambancin babba ne. In fadama ce, yawancin damuwarka laka ce da zaiba da man inji. In dutse ne mai ƙyalli kamar azurfa ko tagulla, wanda in an buga yake warin tafarnuwa, to akwai asenik da farar wuta a ciki. Ruwa ba ya tsami banza: irin wannan dutse idan ya sha iska da ruwa yakan haifar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da ƙarafan da ke kwance lafiya a cikin dutse. Ka sayi takardar awon tsami, wadda ke nuna lambar pH, ba ta da tsada. 7 ne tsaka-tsaki. In ka ga 4 ko 5, a jiƙa laim, farar hodar nan da ake shafe bango da ita, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har a kai 8 zuwa 9. A nan dalma da tagulla da tutiya suke fita daga ruwa su zama laka. Kada a zarce, domin in ya hau sosai dalmar tana sake narkewa.

Asenik kuwa laim kaɗai ba ya riƙe ta da kyau. Tsatsa take so. Duk inda ta ga tsatsar ƙarfe sai ta manne, kuma Allah ya hore mana wannan a ƙarƙashin ƙafa: jan burjin da ake zuba wa hanya cike yake da ita. Ga yadda nake ba da shawara ga ɗan ruwan da dole sai an sake shi, misali in damina ta cika rami na uku. A jera durom uku na roba. Na farko yashi da tsakuwa. Na biyu dakakken jan burji gauraye da yashi da ɗan garin ƙarfen da ke zuba a wajen masu injin gyaran ƙarfe a Suame, bayan an wanke shi tas da sabulu don mai ya fita. Na uku gawayin tacewa, irin na ɓawon kwakwa ko ɓawon kwakwar manja da aka sake gasawa da tururi har ya yi ƙananan ƙofofi ba adadi. Gawayin girki ba ya kai shi, kodayake ya fi babu. Gawayin tacewar da aka haɗa da farar wuta shi ya fi kama zaiba. Ruwan ya riƙa bi a hankali, kamar zubar buta. In aka matsa masa da famfo, wucewa kawai zai yi. Kuma durom yana ƙoshi. Ranar da ya ƙoshi ba zai sanar da kai ba, ruwa zai ci gaba da fita garau da gubarsa, shi ya sa awo ya zama dole.

Za ka ji ana maganar fadamar ciyawa, a shuka jema ko kacalla ruwa ya ratsa ta cikinsu. Tana aiki, jema ma tana riƙe bakin rami kada ya zabtare. Amma ina da sharaɗi a kanta wanda masu tallarta ba su cika faɗa ba. A cikin baƙar laka mara iska akwai ƙwayoyin halitta da ke juya zaiba ta koma wani nau'i mai suna metilmakuri, wanda ya fi ta asali mugunta, shi ke taruwa a naman kifi. Shi ne ya halaka mutanen garin Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956. Don haka fadama a ƙarshe take zuwa, bayan an tsayar da zaiba daga tushe. Kada a saka kifi a ciki, kada a yanka ciyawar a ba tumaki.

Yanzu lakar. A nan ne na ga mutanen kirki da yawa sun yi aiki mai kyau sun ɓata shi a rana ɗaya. Sun kwashe gindin rami sun tara a gefe, rana ta busar, iska ta ɗauka, yara suka yi wasa a kai. Mu Hausawa ba sai an ba mu labarin ƙurar ma'adini ba. A 2010 a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake daka a tsakar gida ta kashe yara sama da 400. Ƙura ce ta yi wannan. Lakar ramukanku da abin da ya fito daga durom, a zuba su a rami na musamman mai daɓen yumɓu, a tudu, sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa, a rufe da yumɓu, a bi da ƙasa, a shuka ciyawa, a kafa alama. Lakar kwamin zaiba kuwa a durom mai murfi za a adana ta, a nemi jami'an Hukumar Kare Muhalli su faɗi inda za a kai. Kada wani ya ɗiba ya kai gonar koko ko ya yi bulo da ita. Yaran kuma su bar kayan aikinsu a can, kada a kawo wa mata wanki gida.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya a kan durom, ka kai ruwa awo. Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Ghana da Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, majalisar binciken kimiyya ta ƙasa, suna wannan aiki, a nan Kumasi kuma ka tambaya a jami'ar KNUST. Ka karɓi gora daga wajensu, don akwai abin da suke ɗigawa a ciki da ke hana ƙarfe manne wa jikin roba. A ɗebo daga wuri huɗu: rami na ƙarshe, rafi sama da filinku, rafi ƙasa da filinku, da daidai inda matan ke ɗiba. A haɗa da ɗan laka. A ce a duba zaiba da asenik da dalma. A maimaita da damina. Kuma in da hali, Baba, ranar ɗiban ka je da kanka, ka nemi sarkin ya ba ka mutum biyu cikin matan nan su tsaya a yi a gabansu, in takarda ta fito a karanta musu ko me ta ce. Kafin nan, tankin ruwa mai kyau da za ka kai musu ba kyauta ba ce, haƙƙinsu ne.

Kada kuma ka ɗauka abin na ƙauye ne kawai. A watan Agusta 2024 kamfanin ruwa na Ghana ya sanar cewa kaurin lakar kogin Pra a matatar Sekyere Hemang ya kai 14,000 a ma'aunin NTU, alhali an gina ta don 2,000, har ruwa ya yi ƙaranci a Cape Coast da Elmina. Mafi yawan ruwan famfon da muke alwala da shi a Aboabo daga madatsar Barekese yake zuwa, a kan kogin Offin. In takardar awon ta fito, ka aiko mini da hotonta, zan karanta maka lamba bayan lamba.

Tambaya

Malama, ina sayar da koko da ƙosai a Sabon Zango. Mahaifiyata tana wani ƙauye kusa da Dunkwa, ruwan kogi suke sha. Na ce ta riƙa tafasawa tana sa 'ya'yan zogale. Ya isa? Kuma tana aiko mini da busasshen kifi, ga ni da ciki wata biyar.

Wata 'yar'uwa, Sabon Zango, Kumasi

Amsa

'Yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, Inna ta ci gaba da yi, amma ba ta cire asenik ko dalma. In ma aka daɗe ana tafasawa ruwa ne ke raguwa, gubar tana nan. Zogale kuma aikin alif yake yi: a ɓare ƙwaya ɗaya ko biyu ga kowace lita, a daka, a dama, laka ta kwanta. A sha a ranar, don in ya kwana yana lalacewa. Ya rage sharri, bai kawar ba. Abin da nake so ki tara kuɗi a kai shi ne babban tankin roba mai murfi da indararo, ta tari ruwan sama, ta bar na farkon ya wanke rufi ya zube. In akwai burtsatse a ƙauyen, a haɗa kuɗi a kai ruwansa awo sau ɗaya, domin a yankin dutsen zinariya ruwan ƙasa ma yakan ɗauko asenik.

Kifin kuwa, ki yi haƙuri ki ajiye shi. Zaibar da ke cikin kifi a tsoka take, banda ba ta fitar da ita, suya ba ta fitar da ita, kuma tana ratsa mahaifa ta kai ga ƙwaƙwalwar jariri. Manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin babbar tarwaɗa, su suka fi tara ta. Kada ki bar kifi gaba ɗaya, jikinki da na ɗan suna buƙatarsa. Ki sayi ƙananan kifin teku irin amani, suna nan a kasuwar Asafo da Kejetia. Idan kin je awon ciki, ki faɗa wa ungozoma daga ina kifin da kika riƙa ci yake zuwa da tsawon lokacin da kika yi kina ci, ki ce ta rubuta a katinki.